Rinin Kaina Ya Koɗe Ga Biki Ya Matso: Gilez Zai Gyara Mini a Gida?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Wata biyu da suka wuce na sa rilaksa, bayan kwana uku na rina kaina ja mai duhu, irin ruwan zoɓo. Yanzu launin ya koɗe ya koma kamar tsatsa, gashin kuma ba ya sheƙi ko na lafta masa mai. Bikin ƙanwata saura sati uku. Na ga ana tallar wani abu a intanet wai shi gilez, a gida ake yi, cikin minti kaɗan gashi ya kama ƙyalli. Zai gyara mini? Kuma ba zai ƙarasa cinye mini gashin ba?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Gilez mai launi zai iya dawo miki da ruwan zoɓonki na ɗan lokaci, ya kwantar da gashin har ya yi sheƙi, kuma ba zai ci miki gashi ba in kin sayi irin da ya dace. Sai dai sharaɗin da masu talla ba sa faɗa shi ne wanda ya fi komai: abin da ke manne a gashinki yanzu, kafin ki buɗe kwalbar, shi zai yanke hukuncin ko aikin zai yi kyau ko kuɗinki ne za su bi ruwa zuwa kwata.

Bari ki fara sanin abin da ya sami kanki. Kowane silin gashi yana da ɓawo a bayansa, ƙanana-ƙananan faranti ne a jere, ɗaya a kan ɗaya, kamar yadda kafinta ke ɗora kwano a kan kwano wajen rufin ɗaki. In sun kwanta lumui, haske ya sauka ya dawo wa ido gaba ɗaya, shi ne muke cewa sheƙi. In sun ɗaɗɗaga kamar rufin da iska ta yaye, hasken ya watse, gashi ya yi dishi-dishi komai man da aka shafa masa. Abin da ke kwantar da su ɗan tsami ne, abin da ke ɗaga su kuwa dangin kanwa ne. Duk wadda ta taɓa jefa kanwa a tukunyar wake ta ga yadda take saki ɓawo ta tausasa abu mai tauri. A ma'aunin da ake kira pH, gashi mai lafiya yana tsakanin 4.5 da 5.5, rilaksa kuwa daga 12 ne zuwa sama, kuma kowane mataki ɗaya a ma'aunin nan ninki goma ne na wanda ke ƙasansa. To kin ga irin tafiyar da aka yi da gashinki.

Bai gama farfaɗowa ba, kwana uku kacal, kika ɗora masa rini mai amoniya da feroksayid. A sana'armu mafi ƙarancin tazarar da ake bayarwa tsakanin rilaksa da irin wannan rini sati biyu ce. Ba faɗa nake miki ba, aikin gama ya gama, amma nan ne amsar tambayarki take. Baƙin gashi ba ya nuna ja sai an fara rage masa baƙinsa na halitta, kuma aikin feroksayid ke nan. In aka rage baƙin gashi irin namu, abin da ke ƙarƙashi ja-ja ne mai ruwan lemo. Rinin ya rufe shi a makonnin farko, sai ga ɓawon a buɗe, ga shi ja ya fi kowane launi saurin zuba, kowane wanki ya tafi da kaɗan. Tsatsar da kike gani ba rinin ba ne ya lalace, gashinki ne da kansa bayan an cire masa riga. Ba zai koma baƙi ba sai wanda ya tsiro sabo.

Gilez riga ce ta aro da ake sa wa gashi. Yawanci a cikinsa akwai ɗan tsami mai kwantar da ɓawo, da silikon irin su amodimethicone mai cike ramuka, da sinadaran laushi irin na kwandishana. In mai launi ne, an zuba masa rinin da ya riga ya nuna, wanda ke manne a bayan gashi ya ɗan leƙa ƙarƙashin ɓawo, ba ya buƙatar a haɗa shi da komai. Wani abin sha'awa, wurin da gashi ya fi lalacewa nan ne waɗannan sinadarai suka fi kamawa, don haka mai gashi irin naki ta fi mai lafiyayyen gashi ganin bambanci. Da wanki yake tafiya, wani wanki biyu ko uku, mai launi sosai ya kai shida ko takwas.

Sai ki yi hattara da suna. Kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan ma'anar Glaze da Gloss da suke bugawa a kwali ba, wani ya kira nasa wannan, wani ya kira irinsa wancan. Mu a shago, tun kafin sunayen nan su yi tashe, rins muke ce wa mafi yawansu. Don haka kada ki dogara da sunan, ki buɗe kwalin ki ƙirga kwalabe. In kwalba ɗaya ce da za ki matsa ki shafa kai tsaye, ita nake nufi da duk abin da zan faɗa a nan. In biyu ne da za a haɗa, ɗaya an rubuta mata developer ko activator ko processing solution, to akwai feroksayid a ciki ko da kaɗan ne, kusan kashi 2 zuwa 3 cikin 100, kuma wannan rini ne na tsaka-tsaki mai shiga cikin gashi ya yi sati huɗu zuwa shida. Redken Shades EQ, wanda masu salun ke ji da shi a duniya, irin wannan ne. Abu ne mai kyau a hannun wadda ta iya, amma ba shi zan ba mai gashin da ya sha rilaksa da rini a mako ɗaya ta tafi da shi banɗaki ita kaɗai ba. Irin na kwalba ɗaya da aka saba gani a shagunan kayan gashi su ne Adore, da Jazzing da Beautiful Collection na kamfanin Clairol, sai Cellophanes na Sebastian. Ki duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, ki saya a shagon da za ki iya komawa gobe ki yi ƙorafi.

Abin da ba zai yi ba shi ma ki sani, don kada ranki ya ɓaci. Ba ya haskaka gashi. Mai baƙin gashi da ba ta taɓa rini ba, in ta shafa gilez ja, sai dai ta tsaya a rana tsaka a hangi ɗan ja-ja, a ɗaki kuwa babu abin da za a gani. Saiwar gashinki da ta tsiro baƙa a wata biyun nan haka za ta zauna. Ba ya ɗinke bakin gashin da ya tsage, ɓoye shi yake yi na kwanaki, almakashi ne maganin wannan. Furfura kuma ba ya rufe ta, sai dai ya ɗan shafa mata launi, ja a kan farin gashi ma yakan fito kamar ruwan hoda mai haske, abin da ba kowace uwa za ta gode miki a kai ba. Wannan ƙyalli kamar madubi da kike gani a bidiyo, a kan miƙaƙƙen gashi ake ɗaukarsa, ga fitila an saita. Gashinmu na halitta a murɗe yake, silinsa ma ba zagaye sosai ba, don haka haske ba ya dawowa ta fuska ɗaya. Sheƙinsa mai taushi ne, irin na shadda da aka buga, ba irin na tiren silba ba. Ke da kika sa rilaksa za ki samu fiye da haka, musamman in an busar an miƙar.

Launin da za ki nema ja ne mai ɗan shuni a ciki, wanda ake rubuta wa burgundy ko wine ko mahogany. Kada mai shago ya tura miki shamfu mai ruwan ja-da-shuɗi, wato fafal ɗin nan da ake yayi, wai yana kashe tsatsa. An yi shi ne don masu farin gashi da ya koma rawaya. Tsatsa mai ruwan lemo kuwa, shuɗi ne ke kashe ta, ke kuma ba kashewa kike so ba, rufewa kike so da ja. In kina shakka tsakanin launi biyu, ɗauki mai hasken, domin gashi mai ramuka yana shan launi fiye da abin da ke jikin kwali.

Yanzu ga inda na ce aikin yake. Wata amarya ta taɓa zuwa mini da sassafe, ana gobe kamu, ta yaye gyale ina ganin kan na san abin da ya faru. Gaban goshi ja wur, tsakiyar kai ko gezau, baya kuwa dabbare-dabbare kamar an yayyafa. Na sa yatsa na murza sili ɗaya, yatsan ya fito da maiƙo da ɗan gari-gari. Ashe wata guda ta yi tana haɗa chebe da karkar da man shanu tana kitse kai don ya yi tsawo kafin biki, da ta tsefe sai ta yi masa wanki ɗaya sama-sama ta shafa gilez. Goshin da sabulun wanke fuska ke taɓawa kullum shi kaɗai ya kama. Sai da muka wanke kan sau uku kafin kumfa ta tashi fara. Man kaɗanya, man shanu, man kwakwa, basilin, duk suna da amfaninsu, ban hana ki ba, amma katanga ne tsakanin gilez da gashi. Ke da kika ce kina lafta mai don neman sheƙi, na tabbata akwai hawa-hawa a kanki, ga ƙura ta zauna a kai. Mai a kan ɓawon da ya ɗaga maiƙo yake bayarwa, ba sheƙi ba.

Bayan mai akwai wani abin da ido ba ya gani. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da ma'adinai, irin farin dattin da ke taruwa a gindin butar dafa ruwa, wani wurin har da ƙarfe mai sa bokiti ya yi ja. Yadda yake taruwa a buta haka yake taruwa a gashi, ya dusar da shi, ya sa ja ya karkata zuwa tsatsa. In kuma rilaksarki irin ta kwali ce da ake juye ƙaramar kwalba a cikin man a gauraya, wadda ake rubuta wa No-Lye, ita ma tana barin alli a gashi. Shamfu na yau da kullum ba ya ɗauke wannan. Ki nemi wanda aka rubuta wa clarifying ko chelating, ki juya bayansa ki ga EDTA, sinadarin da ke ɗauke ma'adinan, a jerin kayan haɗinsa. Ki wanke sau biyu, a na biyun ki bar kumfar minti uku. Kada ki ce bari in sa sabulun wanki ko garin wanke kaya tunda maiƙo nake son cirewa. Su da sabulun salo duk ɓangaren kanwa suke, za su cire man amma su ƙara wage ɓawon da muke son rufewa. Ɗaurayar ƙarshe, in ruwan unguwarku mai nauyi ne, ki yi da ruwan leda ko biyar ne, ba asara ba ce. Kuma ranar kada ki sa kwandishana kafin gilez.

Kafin duk wannan akwai gwajin da ba na yafe wa kowa. Ki shafa ɗan kaɗan a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu, ki bar wurin awa 48 kina lura. Ƙaiƙayi, ja, kumburi ko ƙuraje, ko ɗaya kika gani, ki haƙura da kwalbar. Wannan ya fi shafar mu fiye da matan wasu ƙasashe saboda dayis. Baƙin da ke cikinsa sinadarin PPD ne, na rinin gashi, kuma wadda hannunta ya taɓa yin ruwa ko ya tashi yana bin zanen fulawa, jikinta ya riga ya ɗauki gaba da shi har abada. Ranar da ya sake haɗuwa da shi ko da danginsa a fatar kai, abin yakan fi na farko muni. Na ga matar da idanunta suka rufe ruf don kumburi kwana biyu bayan rini, da aka bi diddigi, tun tana budurwa dayis ya taɓa ƙona mata hannu ta manta. Irin na kwalba biyu yawanci suna da PPD ko ɗan'uwansa toluene-2,5-diamine. Na kwalba ɗaya galibi babu, amma wasu rinin da ke ciki suna iya tada wa mai wannan larura, don haka gwajin na kowa ne. In bayan shafawa fuska ko leɓe ya fara kumbura, ko numfashi ya yi nauyi, a wanke a nufi asibiti nan take, ba a jira gari ya waye.

Tunda biki za a yi, ki lura da wannan ma: kada ranar ƙunshi da ranar gilez su haɗu. In wani abu ya tashi, ba za ki san wanne ne ya jawo ba.

Gwaji na biyu mai sauƙi ne. Ki tara gashin da ya fita a mataji, ki wanke shi, ki shafa masa gilez ɗin na tsawon lokacin da kwali ya ce, ki ɗauraye ki busar, ki fita da shi tsakar gida ki duba. Abin da kika gani shi za ki gani a kanki.

Shafawar kanta ba wuya. Tsohuwar riga, safar hannu, basilin siriri a gefen goshi da kunne ba tare da ya taɓa gashi ba. Gashin ya kasance da danshi amma ba ya ɗiga, sai in kwalin ya ce a busasshe. Ki raba kai huɗu, ki riƙa ɗaukar kaɗan-kaɗan, ki fara daga inda tsatsar ta fara. Bakin gashi ki bar shi sai ƙarshe, minti biyar na ƙarshe sun ishe shi, ko ki sirka nasa da farin kwandishana ko da gilez marar launi, in ba haka ba zai sha ya yi duhu kamar an tsoma shi a tawada. Ki bi da mataji mai manyan haƙora, ki samu wadda za ta duba miki ƙeya, don nan ne kowa ke bari. Lokaci kuwa na kwali za ki bi, wasu minti 3 zuwa 5 ne a wurin wanka, wasu 15 zuwa 20 da hular leda da ɗan ɗumi. Barinsa ya wuce ƙa'ida ba ya ƙara sheƙi, duhu yake ƙarawa. Ki ɗauraye da ruwa mai sanyi-sanyi har ya fita garau, kada ki bi da shamfu.

Ba ki ce kin taɓa sa lalle a kai ba, amma mata da yawa suna yi, don haka in taɓa shi. Tsantsar lallen gargajiya yana kama gashi kamun da ba ya saki, kuma gilez na kwalba ɗaya yana zama lafiya a kansa. Matsalar tana ga garin lallen kasuwa da ba a san abin da aka cuɗa masa ba, wani da gishirin ƙarfe, wani da PPD. Mai gishirin ƙarfe in ya haɗu da feroksayid, gashi na iya yin zafi ya karye ko ya ba da launin da ba a nema ba. Wani dalili ke nan na guje wa kwalba biyu a gida. Akwai masu cewa ai lallen ma gilez ne na gargajiya, kuma da gaskiyarsu wajen sheƙi, sai dai shi in bai yi miki ba babu wankin da zai fitar da shi kafin biki.

Game da wanka da alwala, gilez ba ya yin ɓawo irin na fentin farce. Ki zuba ruwa ki gani, gashin zai jiƙe sharkaf. Abin da za ki lura da shi kawai, ruwa ko ba sabulu yana rage launin kaɗan-kaɗan, don haka matar aure mai yawan jiƙa kai nata zai riga na budurwa tafiya. A ɗaya ɓangaren kuma muna da riba: rana tana cikin manyan masu koɗar da rini, mu kuwa kanmu a rufe yake. Amma a kwanakin farko kada ki ɗaura ɗankwali mai haske ko farin hijabi a kan da bai bushe ƙarau ba, gumi ma ya isa ya sauke jan a kai. Ki sa baƙar hula mai santsi a ƙarƙashin ashobi, ki shimfiɗa tsohon zani a matashi.

Sati ukun nan ga yadda zan raba miki su. Wata biyu ke nan da rilaksa, saiwa ta tsiro kusan santimita biyu, na san za ki so a taɓa ta. In za a yi, a yi cikin makon nan, a hannun wadda ta iya, a sabon tsiro kaɗai, a rufe tsohon gashin da mai ko kwandishana don kada ya ƙara shan wuta, a wanke da shamfun kashe rilaksa har kumfa ta daina canja launi. Rilaksa bayan gilez wanke miki launin za ta yi tas, shi ya sa take zuwa farko. In gashin yana karyewa a mataji yanzu, a bar ta gaba ɗaya, a miƙar da saiwar da diraya ranar biki. Mako na biyu ki yi sitimin, a datse bakin da ya tsage ko rabin inci ne, ki yi gwajin fata da na gashin mataji. Gilez ɗin kansa sai saura kwana uku ko huɗu a fara taro, don ya kai ki har ranar kai amarya yana sabo. In kuma niyyarki kitso ne ƙanana da za a rufe da gwaggwaro tun daga kamu har walima, ki adana kwalbar sai ranar da kika tsefe.